YARAN KAN DUTSE: Tsakanin Aji Da Ƙwaya A Ƙasar Tailan

A wannan fitowar za mu ɗan jingine zancen girki da kwalliya da rikicin gidan miji, mu leƙa can arewacin ƙasar Tailan, inda wasu ƙabilu ke zaune a kan duwatsu, waɗanda yau sama da shekara hamsin ke nan ana faman raba 'ya'yansu da kayan maye ana haɗa su da makaranta. Na san wata za ta ce to mu ina ruwanmu da mutanen da ko sunansu ba mu taɓa ji ba? Ki dai yi haƙuri ki biyo ni a hankali Uwargida, domin uwa uwa ce ko a wace ƙasa take, kuma tashin hankalin da ke hana uwar ɗan ƙwaya barci iri ɗaya ne, ko a kan dutse ko a tsakiyar birni.

SU WANE NE MUTANEN DUTSE?

Daga Bankok babban birnin ƙasar, idan aka miƙa arewa kimanin kilomita 800 za a tarar da lardin Chiang Rai, maƙwabcinsa kuma shi ne Chiang Mai. A ƙarshen Chiang Rai ne ƙasashe uku suka haɗa iyaka a bakin kogin Mekong, wato Tailan da Lawos da Bama, wadda yanzu ake ce wa Miyanma. Wannan yanki shi duniya ta sani da sunan Alwatikar Zinare, saboda ɗimbin dukiyar da fataucin kayan maye ya tara wa wasu 'yan tsiraru a wurin.

A kan duwatsun yankin akwai ƙabilu irin su Karen, waɗanda suka fi kowa yawa, da Hmong da Lahu da Akha da Lisu da Mien. Mutanen gari kan kira su gaba ɗaya da "chao khao", ma'ana mutanen dutse, kuma ana ƙiyasta yawansu da kimanin miliyan ɗaya. Kowace ƙabila da harshenta da tufafinta da al'adunta na aure da haihuwa. Ban da Karen da suka daɗe a yankin, yawancin sauran kakanninsu sun gangaro ne daga kudancin ƙasar Sin ta cikin Bama da Lawos a ƙarni na 19 da na 20, suna noman sheƙa, su sare daji su ƙone su shuka, in ƙasa ta gaji su ƙara gaba.

Abin da ya ɗaure yawancin ƙauyukan da ke can ƙololuwa shi ne wani kyakkyawan fure da ake samun ofiyam daga gare shi. Idan furen ya zube sai ya bar wani ɗan ƙoƙo, manomi ya tsaga shi da 'yar wuƙa, ƙaro ya tsattsafo ya kwana, da safe a kankare a tara. Wannan ƙaro shi ne ofiyam, kuma daga kimanin kilo goma nasa ake fitar da kilo ɗaya na hodar hiroyin. Kada mai karatu ya ɗauka mugunta ce ta sa su nomansa. Mutumin da ba shi da hanyar mota, in ya noma kabeji ko tumatir kafin ya sauko da shi kasuwa ya ruɓe. Shi kuwa ofiyam ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, mai saye har ƙofar gida yake zuwa. Sannan a ƙauyen da babu asibiti shi ne maganin tari da gudawa da ciwon jiki. Daga shan magani sai jiki ya saba, maigida ya kwanta da lofe, aikin gona ya koma kan mace da yara, bashi ya taru. Riba tana wajen fatake da masu bindiga, manomi kuwa sai talauci da tsumma.

ABIN DA YA KAI NI CAN

Ni dai 'yar kasuwa ce, nakan je Bankok saro takalma da jakunkuna da yadi a kasuwar Pratunam, kamar yadda 'yan'uwa da yawa ke zuwa. Duk wanda ya taɓa wannan tafiya da koren fasfo ya san irin kallon da ake yi mana a filin jirgi, a zazzage maka kaya ɗaya bayan ɗaya kana tsaye kamar ɓarawo. Abin yakan yi mini ciwo ƙwarai, amma yana da tushe. A shekarun 1980 da 1990 wasu gungun 'yan ƙasarmu sun yi ƙaurin suna wajen dakon hiroyin daga Bankok zuwa Turai da Amurka, wasu har haɗiye ta suke yi a ciki, kuma da yawa sun ƙare a gidajen yarin ƙasar. Wannan ya sa na ƙudurta cewa sai na ga inda wannan masifa take fitowa, da kuma yadda su masu wurin suka yi da nasu 'ya'yan. A wata tafiya da na gama saro da wuri sai na hau jirgi zuwa Chiang Rai, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Gani ya kori ji.

SARKIN DA YA FARA DA CIKI

Gwamnatin Tailan ta haramta ofiyam tun 1959, amma doka a takarda ba ta hana mai jin yunwa shuka abin da zai ci da shi. A tsakiyar shekarun 1960 ana noman furen a fili mai faɗin kusan hekta 18,000. A 1969 Sarki Bhumibol Adulyadej ya ziyarci wani ƙauyen Hmong a dutsen Doi Pui kusa da Chiang Mai, ya zauna ya tambayi manoma nawa suke samu. Nan ya gano cewa wani ɗan itacen ƙasar sanyi da suke da shi, mai suna fic, kuɗin da yake kawowa bai yi nisa da na ofiyam ba, alhali ma ƙananan iri ne marasa kyau. Sai ya ba da kuɗi daga aljihunsa aka fara bincike, aka riƙa yi wa itatuwan aure da iri mai kyau, kamar dai yadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro. Daga nan aka kafa abin da ake kira Aikin Sarki, aka buɗe tashar gwaji ta farko a dutsen Ang Khang, aka shigo da kofi da sitiroberi da furannin ado da kayan lambu, aka yi hanyoyi, aka kuma nemo masu saye.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne haƙuri. Sai wajen 1984 zuwa 1985 hukuma ta fara shiga gonaki tana sare furen da ƙarfi, wato bayan an yi kimanin shekara goma sha biyar ana nema wa mutane abin da za su dogara da shi. Kowace uwa ta san wannan dabara. Idan kika ga yaronki riƙe da wuƙa, kika fizge, ko dai ya yanke ko ya cika gida da ihu ya koma neman wata. Amma in kika miƙa masa wani abin da ya fi ta kyau, da kansa zai sake ta. Zuwa shekarar 2000 noman ofiyam a Tailan ya dawo ƙasa da hekta 1,000.

Ta fuskar karatu kuwa, tun 1956 'yan sandan tsaron iyaka suka fara buɗe makarantu a ƙauyukan da malamin gwamnati ba ya iya zuwa, ɗan sanda da kakinsa shi ne malamin aji. Gaskiya akwai manufar tsaro a ciki, ana so yaran su iya harshen ƙasa su kuma ji cewa su 'yan Tailan ne, amma dai ta nan dubban yara suka fara riƙe fensir. A 1980 Gimbiya Sirindhorn, 'yar Sarki, ta lura cewa yaran da yawa da yunwa suke zuwa aji, sai ta ɓullo da shirin noma a harabar makaranta, yara su shuka kayan lambu su kiwata kaji da kifi, a dafa musu abincin rana da abin da suka noma. Irin waɗannan makarantu sun haura 200.

UWAR DA TA SAUKO DAGA SAMA

To 'yan'uwa mata, ga inda labarin ya fi shafarmu. Mahaifiyar wannan Sarki, Gimbiya Srinagarindra, ba 'yar sarauta ba ce. An haife ta a 1900 a gidan talakawa, mahaifinta maƙerin zinare ne, ta tashi marainiya, ta koyi aikin jinya. Da aka tura ta ƙaro karatu Amurka ne ta haɗu da Yarima Mahidol, soyayya ta ƙullu, suka yi aure a 1920. Aure bai kai shekara goma ba mijin ya rasu a 1929, ya bar ta tana da shekara 28 da yara uku ƙanana. Ita ta rene su, biyu daga ciki kuma suka zama sarakunan ƙasar.

Da girma ya zo mata ba ta zauna a ɗaka tana jiran gaisuwa ba. Takan shiga jirgi mai saukar ungulu da likitoci da magani da tufafi ta sauka a ƙauyukan kan dutse, har mutanen suka laƙaba mata "Mae Fah Luang", wato uwar sarauta da ke saukowa daga sama. A 1972 ta kafa gidauniyar da ke sayen saƙa da ɗinkin matan dutse da daraja, gidauniyar da daga baya ta ɗauki wancan laƙabi nata, kuma ta riƙa ɗaukar samari da 'yan matan dutse tana ajiye su a Chiang Rai suna karatu.

A 1988, tana da shekara 87, ta ɗauki aikin da ya fi kowanne wuya. Akwai wani dutse mai suna Doi Tung a kan iyakar Bama, mai faɗin kimanin hekta 15,000, da ƙauyuka 29 da mutane kimanin 11,000. An sare dajin ƙarƙaf, ofiyam da bindiga su ke mulki, yawancin mutanen kuma ba su da takardar zama 'yan kowace ƙasa. Tsohuwar nan ta sa aka gina mata gida a kan dutsen ta tare. Aka fara da lafiya, aka ɗauki manoman ofiyam aikin dashen itatuwa ana biyansu lada, aka kawo kofi da wata gyaɗa mai fita a bishiya da ake kira makadamiya, aka buɗe wa mata masaƙa da wurin yin takarda da tukwane. Masu shan ofiyam kuma ba a kai su kurkuku ba, an buɗe musu wurin jinya na kwana 1,000, a fara raba jiki da abin, sannan a koya wa mutum sana'a, sannan a ci gaba da bibiyarsa bayan ya koma gida. Kwana dubu fa, kusan shekara uku. Sun san cewa fitar da abin daga jini ya fi sauƙi a kan fitar da shi daga zuciya. Gimbiyar ta rasu a 1995, amma aikin bai mutu da ita ba, domin tun shekarar 2000 yake ɗaukar nauyin kansa da cinikin kayan da ake sayarwa da sunan DoiTung.

Da na hau dutsen, abin da na tarar daji ne kore shar, da lambun furanni da baƙi ke biyan kuɗi su shiga, da 'yan mata suna sayar da kofi cikin tsabta. Na ga tsofaffin matan Akha da hulunansu masu nauyi da aka jera wa azurfa da tsofaffin kuɗi da duwatsun ado, ga jikokinsu kuma da kayan makaranta suna saukowa daga mota. Akwai makarantu takwas a cikin yankin aikin, inda ake bin tsarin da ke barin ƙaramin yaro ya koya da hannunsa, ya taɓa, ya ƙirga, ya gwada, maimakon haddar abin da bai gane ba. Wannan yana da dalili, domin yaron Akha ko Lahu ranar da ya fara shiga aji bai san ko kalma ɗaya ta harshen Tai ba, harshen da ke da baƙaƙe 44 da karin sauti biyar. In aka haɗa shi da malamin da ba ya jin harshensa, sai ya zauna kamar kurma, a ce masa daƙiƙi, shekara biyu ya gudu. Shi ya sa wasu makarantun arewacin ƙasar suka koma fara koyar da yaro da harshen uwarsa kafin a shigar da shi na ƙasa sannu a hankali.

AN KASHE MACIJI BA A SARE KANSA BA

Kada ku ce labari ya ƙare da daɗi kamar na littafin soyayya. Da furen ya yi ƙaranci a ƙauyuka, wasu da jikinsu ya riga ya saba sai suka koma hiroyin, har da ta allura, allura kuma ta jawo musu cutar ƙanjamau a shekarun 1990. Sannan babban dillalin yankin, Khun Sa, wanda sojojin Tailan suka kora daga sansaninsa na Ban Hin Taek a 1982, ya miƙa wuya ga gwamnatin Bama a 1996, amma waɗanda suka gaje kasuwar sai suka gano abin da ya fi fure sauƙi. Wata 'yar ƙwaya ce da ake haɗawa da sinadarin metamfetamin da kafin, ba ta bukatar gona ko damina, ɗaki ɗaya a cikin daji ya isa. Da can direbobin manyan motoci ke shanta don kada su yi barci, ana ce mata "ya ma", maganin doki. A 1996 hukuma ta sauya mata suna zuwa "ya ba", wato maganin hauka. Ku ji fa, mu a Hausa yaba abu alheri ne, su kuwa can "ya ba" ita ce ke raba ɗa da uwarsa.

Ana buga wannan ƙwaya ne a jihar Shan ta Bama, a tsallako da ita ta kan duwatsun nan. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce a 2021 kaɗai an kama sama da ƙwaya biliyan ɗaya a gabashi da kudu maso gabashin Asiya, a 2024 kuma nauyin metamfetamin da aka kama a yankin ya kai tan 236. Juyin mulkin soja da aka yi a Bama a 2021 da yaƙin da ya biyo baya sun ƙara buɗe ƙofa, har a 2023 ƙasar ta sha gaban Afganistan a noman ofiyam. To wa ya san hanyoyin dajin nan cikin dare? Yaron dutse. Wa ke zaune ba makaranta ba aiki? Shi ne dai. Dillali ba ya neman ɗan da ke aji daga safe zuwa yamma, wanda ke zaune a bakin hanya yake nema, ya ba shi jaka ya ce kai wancan ƙauye, lada kuma wani lokaci da ƙwayar ake biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

YARON DA BA SHI DA ƘASA

Babbar tsagar bangon ita ce rashin takarda. A 2024 akwai mutane sama da rabin miliyan a Tailan da aka yi wa rajista a matsayin marasa ƙasa, da yawansu mutanen dutse ne da aka haifa a gida, ba a rubuta haihuwarsu ba, iyayensu ma haka. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa ba ya mallakar fili, ba ya zaɓe, ba ya aikin gwamnati, ba ya fita lardinsa sai da izini. Ki duba yarinyar da ta yi ƙoƙari ta gama sakandare, sannan a ce mata ba inda za ta da takardar. Wace amsa uwa za ta ba ta in ta ce karatun me ya amfana mata? Binciken hukumar UNESCO ya nuna cewa rashin takardar ɗan ƙasa shi ne babban abin da ke jefa 'yan matan dutse a hannun masu fataucin mutane.

Wani malami mai suna Sompop Jantraka ya ga wannan da idonsa a garin Mae Sai na bakin iyaka, inda dillalai ke bin gidajen matalauta, musamman inda uba ke shaye-shaye, su ba da kuɗi su tafi da yarinya da sunan aiki a birni, ta ƙare a gidan karuwai. A 1989 ya fara da 'yan mata 19, ya roƙi iyayensu su bar masa su ya sa su a makaranta ya ɗauki nauyinsu. Daga wannan 'yar ƙaramar farawa cibiyarsa ta girma ta taimaki dubban yara. Akwai kuma wani malamin addinin Buda, Phra Khru Ba Neua Chai, tsohon ɗan dambe, da ke zaga ƙauyukan iyaka a kan doki yana karɓar marayu da 'ya'yan masu shaye-shaye, yana koya musu karatu da kiwon doki da dambe.

Hukuma ma ta motsa. A 2005 majalisar ministoci ta yanke cewa duk yaron da ke ƙasar yana da haƙƙin shiga makarantar gwamnati ko da takarda ko babu. A watan Oktoba na 2024 kuma ta amince da hanzarta ba da izinin zama ko zama ɗan ƙasa ga mutane kimanin 480,000, cikinsu har da sama da 140,000 da aka haifa a ƙasar.

DA BINDIGA TA YI MAGANA

An gwada ƙarfi ma, kuma ya kamata mu ji yadda ta kaya. A farkon 2003 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta shelanta yaƙi da ƙwaya, cikin wata uku aka kashe mutane sama da 2,500. Kwamitin da aka kafa a 2007 ya gano cewa fiye da rabinsu ba su da wata alaƙa da ƙwaya. Ƙwayar kuwa ta ɗan ɓuya ta dawo.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Chaiyaphum Pasae, wani yaron Lahu ɗan shekara 17, mawaƙi mai shirya ƙananan finafinai, wanda ke cikin ƙungiyar matasan da ke jan yaran ƙabilarsu daga ƙwaya ta hanyar kiɗa da wasa. Ranar 17 ga Maris 2017 wani soja ya harbe shi a shingen bincike a gundumar Chiang Dao. Sojoji suka ce an sami ƙwaya a motar kuma ya yi yunƙurin jefa gurneti, amma hoton na'urar ɗaukar hoto da ke wurin ba a taɓa nuna wa jama'a shi ba. Mahaifiyarsa ta yi ta bin kotu shekara shida, sai a 2023 kotun ƙoli ta umarci rundunar soja ta biya ta diyyar sama da baht miliyan biyu, baht shi ne kuɗin ƙasar. Allah Sarki uwa! Illar yi wa ƙabila guda kallon 'yan ƙwaya ke nan, har mai yaƙi da abin ba ya tsira.

ABIN DA AJI YA HAIFAR

Ga kuma ɗaya gefen. Da yawanku kun tuna yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rutsa da su a kogon Tham Luang a gundumar Mae Sai a 2018. Da masu nutso 'yan Ingila suka gano su bayan kwana tara, yaron da ya amsa musu da Turanci shi ne Adul Sam-on, ɗan shekara 14, wanda aka haifa a yankin Wa na Bama, ɗaya daga cikin wuraren da ake buga ƙwayar nan. Iyayensa ne suka tsallako da shi yana ƙarami suka damƙa shi a wani coci don kawai ya sami karatu. Yaron yana jin harshe biyar, amma a lokacin ba shi da takardar kowace ƙasa. Sai bayan an fito da su ne, a watan Agusta na shekarar, aka ba shi da abokansa biyu da kocin shaidar zama 'yan Tailan, daga baya kuma ya sami tallafin karatu a Amurka. Ku yi tunanin yara nawa ne irinsa da duniya ba ta gani ba saboda ba su maƙale a kogo ba.

Sai Lee Ayu Chuepa, ɗan Akha daga ƙauyen Mae Chan Tai, wanda shi ne na farko a ƙauyensu da ya kai jami'a. Da ya gama bai ɓace a birni ba, a 2010 ya kafa kamfanin kofi mai suna Akha Ama, yana sayen kofin mutanen ƙauyensu da daraja yana sayarwa a Chiang Mai. "Ama" a harshensu na nufin uwa, kuma hoton mahaifiyarsa ne tambarin kamfanin. Wace uwa ce ba za ta so irin wannan sakayya ba?

SHAFA WA NAKA RUWA

'Yan'uwa, sinadarin da ke cikin "ya ba" bai tsaya a Asiya ba, tun 2011 hukumar NDLEA ta fara gano wuraren dafa shi a ƙasar nan. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce aka hana kodin na ruwa, amma kowa ya san da aka toshe wannan ƙofa wasu aka buɗe.

Abin da na ɗauko daga kan duwatsun nan shi ne tsarin da suka bi. Sun fara da cikin uwa da uba, suka bi da lafiya, suka sa yaro a aji da abincin rana da harshen da yake ji, suka nema masa takardar da za ta sa karatun ya yi masa rana, wanda ya riga ya faɗa kuma suka ba shi kwana dubu maimakon mari da kora. Inda aka bi wannan tsari daji ya dawo, yara suka zama masu kamfani. Inda aka fara da bindiga kuwa, iyaye mata ne suka ƙare a bakin kabari da ƙofar kotu.

Saboda haka Uwargida, ki san inda ɗanki yake wuni, ki san abokansa, ki yi masa takardar haihuwa, kada ki cire 'yarki daga aji saboda talla ko don wani ya zo da kuɗi. In kuma akwai yaron maƙwabta da kika ga yana zaune a bakin lungu lokacin da 'yan'uwansa ke makaranta, kada ki ce ba naki ba ne, ɗa na kowa ne, kuma wanda zai ba shi jaka ya riga ya gan shi. Tsohuwa mai shekara 87 ta hau dutse saboda 'ya'yan wasu, mu namu a tsakar gida suke.